Darasin Wannan Wata: Biyan Bashin Gona

'Yan'uwa, kaka ta wuce. An ɗaure dammuna an kai rumbu, hunturu ya shigo, aikin gona ya yi sauƙi. Yanzu ne manomi ya ke da sarari ya zauna ya yi lissafi: dami nawa gonarsa ta ba shi bana, nawa ta ba shi bara, nawa kuma ta kan ba mahaifinsa a dā. Da yawa daga cikinmu idan mun yi wannan lissafi sai mu yi shiru, gama faɗin gonar bai ragu ba, wahalar noma ba ta ragu ba, amma hatsi ya ragu.

Darasinmu na wannan wata a kan wannan al'amari ne. Za mu duba abin da gona ta ke ba mu, da abin da ya wajaba mu mayar mata, da inda za mu samo shi. Mun ɗauki misali daga ƙasar Zakka, gama abin da ke damun manoman can shi ne ke damun yawancinmu. A karanta a hankali. In da hali a taru, maza da mata da samari, wani ya karanta da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Ƙasar Zakka da halin da ta ke ciki

Zakka tana cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a yammacin Jihar Katsina. Ƙasar Batsari tana arewa da Safana, Dutsin-Ma tana gabas, Ɗanmusa tana kudu, a yamma kuwa Dajin Rugu ne ya miƙe har iyakar Zamfara. Yawancin gonaki jigawa ne, ƙasa mai yashi, mai sauƙin huɗa, amma ba ta riƙe ruwa ko taki da daɗewa. Damina wajen wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Ana noman gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da rogo.

A zamanin kakanninmu gona iri biyu ce. Akwai ta karkara, kusa da gari, wadda a ke nomawa kowace shekara ana zuba mata taki. Akwai kuma gonar daji, wadda a kan sassabe, a noma shekara uku ko huɗu, idan ta gaji a bar ta ta zama saura, ta huta har ciyawa da itatuwa su mayar mata da ƙarfi. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta iske wannan tsari, ta kuwa rubuta shi cikin littafinta na 1972. Barin ƙasa ta huta tsohuwar hikima ce a ko'ina. Har cikin Littafin Firistoci, sura 25, an umarci Isra'ilawa su bar ƙasarsu ta huta kowace shekara ta bakwai.

Amma abu uku sun sāke mana lissafi. Na fari, jama'a ta yi yawa. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 180,000 a Safana, sama da 200,000 kuma a Batsari, tun daga sa'an nan kuwa an yi ta ƙaruwa. Gonar da uba ɗaya ya noma an raba ta ga 'ya'ya biyar, ba mai iya barin rabonsa saura. Na biyu, tun cikin shekarun 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka mai da Dajin Rugu mafaka, mutane da yawa suka bar gonakin nesa domin tsoro, nauyin ciyar da gida duka ya koma kan 'yar gonar da ke bakin gari. Na uku, takin zamani ya yi tsada ƙwarai, musamman daga 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukren ya tā da farashinsa a duniya, da kuma 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya hau.

To, ga tambayar da ke gabanmu. Gona ƙarama, ba hutu, taki na kanti kuwa ya fi ƙarfin aljihu. Ƙaƙa za ta ci gaba da ciyar da mu, mu kuma bar wa 'ya'yanmu ita da rai?

2. Abin da gona ta ke ci

Shuka tana cin abinci kamar yadda mu ke ci. Masana sun ce manyan abincinta uku ne. Na ɗaya naitirojin, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi tsawo. Na biyu fosfaras, mai taimakon saiwa da ƙwaya. Na uku fotash, mai ƙarfafa kara da taimakon shuka ta jimre wa fari da cuta. Haruffa uku da mu ke gani a jikin buhu, NPK, su ne alamar waɗannan uku.

Akwai kuma abu na huɗu wanda ba ya cikin buhu, wato ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi da suka narke cikin ƙasa. Shi ne ke sa ƙasa ta yi duhu da laushi, ta riƙe ruwa kamar soso, ta kuma riƙe taki kada ruwa ya tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Bari mu kira shi maiƙon ƙasa. Jigawa mara maiƙo kamar kwando ce, kome ka zuba sai ya zurare.

Duk damin da mu ka ɗauke daga gona ya fita da wani rabo na waɗannan abubuwa. Ba zangarniya kaɗai mu ke ɗauka ba. Muna kwashe kara domin danga da makamashi, muna kwashe harawa domin dabbobi, abin da ya saura mu tara mu sa wuta. Ashe amfanin gona rance ne. Wanda ya yi ta cin bashi ba ya biya, wata rana mai ba da bashi zai hana shi.

Gona ta kan yi gargaɗi kafin ta hana. Ganyen masara ya kan yi rawaya tun yana ƙarami. Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, ya kan mamaye dawa da gero, gama shi ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Daga baya sai wani wuri ya daskare ya zama faƙo, ruwa ya riƙa gudu a kansa, zaizaya ta fara, har kwazazzabo ya tsage gona biyu.

3. Abin da Kano ta koya mana

Kada mu ce ƙasar da a ke nomawa kowace shekara dole ta mutu. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun nuna ba haka ba ne. Tun a 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yi mamakin albarkar ƙasar Kano da yawan jama'arta. A shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya yi bincike a wurin. Ya iske mutane sun cika ƙasa, kusan ba saura ko kaɗan, ana noma kowace gona kowace damina, duk da haka ƙasa tana bayarwa.

Asirin ba wani boyayyen abu ba ne. Da rani, jakuna su kan shiga birni da itacen wuta, su fito da mangaloli cike da taki: sharar gida, da toka, da kashin tumaki da awaki da dawaki, da ɓawon abinci, da tsohuwar ƙasar gini. Hatsin da ya bar ƙauye ya shiga birni, abin da ya ragu daga gare shi ya koma gona. Birni ya rabu da ƙazanta, gona ta sami abinci, mai jaki ya sami na kashewa.

A shekarun 1990 wata masaniya, Frances Harris, ta auna abin da ke shiga da abin da ke fita daga waɗansu gonaki a ƙasar Kano. Ta ga manoma suna ɗaure tumaki da awaki a turke, suna ciyar da su da harawar wake da ta gyaɗa, suna mai da takinsu gona. Wake da gyaɗa kuwa suna da waɗansu ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda ƙwayoyin halitta ke jawo naitirojin daga iska kyauta. Har ƙurar hunturu da mu ke kuka da ita, wadda iska ke ɗebowa daga hamadar ƙasar Chadi, tana sauke ɗan abinci a kan gona. Ba abu ɗaya ya riƙe ƙasar Kano ba. Haɗuwar dabba da wake da itace da shara ce.

Wannan darasi ya shafe mu. Ko da ya ke Zakka ba ta bakin babban birni, kowane gari yana da juji. Akwai juji a Safana da Runka da Batsari da Dutsin-Ma, akwai a bayan kowace kasuwa, da mahauta, da kara inda a ke sayar da dabbobi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2016 ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun zubar da shara ton miliyan 174, zai kuwa kusan ninka uku kafin 2050. Babban rabo na wannan shara abu ne mai ruɓewa. Abincin gona ne ya ke kwance yana toshe magudanan ruwa, yana kiwon ƙudaje da sauro.

4. Sharar yau ba ta jiya ba ce

Amma fa a yi hankali. Sharar da jakunan Kano su ka ɗauka a 1960 kusan dukanta mai ruɓewa ce. Ta yau a gauraye ta ke da abubuwan da kakanninmu ba su sani ba. Wanda ya sayi tifa guda ta shara ya baza a gonarsa bai tsince ba, ya sayo wa kansa wahala.

Na fari leda. Ba ta ruɓewa a zamanin mutum ɗaya. Tana hana ruwa shiga ƙasa, tana naɗe saiwa, tana kama garma. Dabba ta kan haɗiye ta, ta dunƙule a tumbinta, dabbar ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Ku tambayi mahauta abin da su ke tararwa. Domin wannan ne ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya kuma a 2017.

Na biyu kwalabe da ƙarafa da allurai. Yaro mai noma ba takalmi shi ne ke biyan kuɗin sakacinmu. Sharar asibiti da ta ɗakin magani kada ta kusanci gona ko kaɗan.

Na uku, wanda ya fi duka haɗari, guba ce wadda ido ba ya gani. Batir na mota da na sola suna da dalma, ƙananan batura da tarkacen waya da rediyo su ma suna da ƙarafa masu guba. Dalma ba ta ruɓewa, tana zama cikin ƙasa, tana shiga jikin yara ta ƙura da hannu. Mu tuna da abin da ya faru kusa da mu a Zamfara a 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum, inda ƙurar duwatsun zinariya mai dalma ta gurɓata gidaje, yara sama da 400 su ka mutu. Haka kuma ruwa da laka da ke fitowa daga masana'antun jima a Kano suna ɗauke da wani ƙarfe mai guba da a ke jeme fata da shi. Irin wannan ba taki ba ne, ko da ya yi baƙi ya yi kyan gani.

Kada kuma mu ƙone juji domin mu rabu da leda. Hayaƙinta yana cutar huhu, wutar kuma tana cinye maiƙo da naitirojin ɗin da mu ke nema, sai toka kaɗai ta rage. Magani shi ne a raba tun daga gida. Uwargida ta ajiye masaki ko bokiti biyu, ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na mara ruɓewa. Ƙarfe da roba 'yan gwangwan za su saya. Minti ɗaya na rabawa a tsakar gida ya fi yini guda na tsinta a gona.

5. Yadda a ke haɗa taki mai kyau

Ɗanyen taki yana da aibu. Yana ƙone tsiro, yana kawo irin ciyawa, yana iya ɗauke da cuta. Idan kuwa aka jibge shi a gona aka bar shi wata uku cikin rana da iska, ƙarfinsa da yawa ya kan tashi sama. Gara a ruɓar da shi tukuna. Wani Bature masanin noma, Albert Howard, ya tsara wannan hanya a Indiya ya bayyana ta a 1931, bayan ya lura da aikin manoman can. Ga yadda za mu yi.

A haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, zurfi ƙafa 3. A shimfiɗa busassun abubuwa a ƙasa, wato yankakken kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, kaurin inci 6. A bi da kashin dabbobi ko na kaji da sharar madafa, kaurin inci 2 ko 3. A barbaɗa toka kaɗan da ƙasa kaɗan. A yayyafa ruwa har ya jiƙe, amma kada ya yi caɓi. Ruwan wankin hatsi da na kwanuka ya isa. A yi ta jerawa haka har rami ya cika, a rufe da kara ko tsohuwar tabarma.

A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu ko biyar a zare a taɓa. In da zafi, aiki yana tafiya. Zafin ya kan kai digiri 55 zuwa 60, shi ne kuwa ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sanda ta fito a bushe, a ƙara ruwa. In tana wari mai ƙarfi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen kara. A juya kowane mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasar farkon damina. Wanda ya fara a Janairu zai sami nasa kafin shuka.

Kada a manta da fitsarin dabbobi, gama rabo mai yawa na naitirojin a cikinsa ya ke. A riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko ciyawa a turke domin ya shanye, a kwashe a kai rami. Abin da a ka yaso daga masai kuwa, kada a kai shi gona ɗanye. Bisa ga shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006, a ƙasa mai zafi irin tamu sai ya yi fiye da shekara ɗaya a ajiye tukuna. Ko bayan haka, mu dai shawararmu ita ce kada a sa wa ganyen da a ke ci ɗanye.

6. Takin gida da takin zamani

Watakila wani zai ce, ashe sai mu bar takin zamani? A'a. Bari mu yi lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23. Buhun NPK 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya daga cikin ukun. Takin gida kuwa, naitirojin ɗinsa wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato sai an tara kamar ton biyu kafin a kamo buhun yuriya ɗaya. Ba kowa ke da dabbobin da za su ba shi wannan ba. A gefe guda kuma buhu ba shi da maiƙo ko kaɗan. Saboda haka su biyun abokan aiki ne. Takin gida yana gyara kwandon, takin zamani yana cika shi.

Wanda ba shi da kuɗin buhu kada ya fid da zuciya. Masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gwada sa ɗan kaɗan a gindin kowace shuka, wajen giram 6 na NPK, kamar cikin murfin kwalbar lemo, su ka ga gero ya ƙaru sosai bisa wanda ba a sa masa ba. A tona gefen gindi a binne, kada a watsa a sama, kada kuma ya taɓa iri. Yuriyar da a ka watsa a kan busasshiyar ƙasa rabonta da yawa na iska ne.

Haka kuma takin gida, in kaɗan ne, kada a baza shi ko'ina. Manoman Illela ta ƙasar Tawa a Nijar sun je Burkina Faso a 1989, su ka ga yadda a ke rayar da faƙo, su ka dawo su ka yaɗa abin da su ke kira tassa. Da rani a kan haƙa ƙananan ramuka jere, faɗi kamar ƙafa ɗaya, zurfi inci 6 ko 8, a tara ƙasar a gefen gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta kan zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya shahara da wannan dabara, ya rasu a 2023, ya bar daji a inda dā faƙo ne.

A kuma riƙa juya shuka. Inda a ka yi dawa bana a yi wake ko gyaɗa ko waken suya baɗi. Ƙuduji kuwa a cire shi kafin ya yi iri, gama gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai masu iya jira shekaru cikin ƙasa.

7. Dajin da ke ƙarƙashin gonarmu

Maraɗi maƙwabciyarmu ce, ta hanyar Jibiya. Bayan farin 1973 ƙasarsu ta yi tsirara. Iska ta kan binne tsiron gero da yashi, manomi ya sāke shuka har sau uku ko huɗu. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, mafi yawa su ka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirrai da a ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da a ka sare tun dā, saiwarsu kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe su ke bukata ba, sai dai a bar su.

Hanyar ba wuya. A zaɓi kututture mai kyau, kamar na sabara ko kalgo ko gawo ko aduwa ko magarya. A bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya tsage. A rage ƙananan rassan gefe har rabin tsawo. A riƙa komawa ana gyarawa. Da ya ke saiwar tsohuwa ce mai zurfi, itacen ya kan girma da sauri fiye da dashe. Mutanen Maraɗi su ka sa wa wannan suna sassaben zamani.

Da fari an yi wa masu yinsa dariya, an ce ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 a ka haɗa shi da aikin ba da abinci, mutane da yawa su ka gwada. Da yunwa ta wuce waɗansu su ka sare nasu, amma waɗanda su ka bari su ka ga amfani, maƙwabta su ka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, hotunan sama su ka nuna itatuwa sun dawo a kadada wajen miliyan 5 a Nijar, an ƙiyasta itace miliyan 200. A 2018 Rinaudo da Sawadogo su ka karɓi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Abin lura shi ne, aikin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. A 2020 gwamnatin Nijar ta tabbatar da wannan haƙƙi da doka.

Gawo kuwa ya cancanci a ambace shi dabam. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki daidai lokacin da shuka ke so. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a gindinsa su ci, su bar kashinsu. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Wanda ya mai da gawonsa gawayi ya sayar da takin shekara hamsin a kan kuɗin mako guda.

8. Manomi da makiyayi

A dā, bayan kaka, manomi ya kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana a can, har ya ba shi hatsi domin godiya. Babu takin da ya fi wannan araha. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, ta kuma yi dokar makiyaya a 1965. Da burtali da mashaya su ka matse, sa'an nan sata da kisa su ka shigo, wannan zumunci ya lalace a wurare da yawa. Manomi ya rasa taki, makiyayi ya rasa kara, da yawa daga cikin makiyaya kuma an sace nasu shanun. Ba mu ce gyaran wannan yana da sauƙi ba. Amma inda duk a ka sami lafiya, kada mu cinye burtali, kada mu ƙone kara domin hana dabbar wani. Ƙasa ce ke fara shan wahalar gabarmu.

Abin yi cikin wannan wata

Kowane gida ya raba shararsa kashi biyu, ya haƙa ramin taki ɗaya. Kowane manomi ya zaga gonarsa kafin shara, ya sa alama a kan kututture goma da zai rena. Samari su yi gayya rana ɗaya su tsince leda daga jujin unguwa, a raba takin, a fara da gonakin gwauraye da tsofaffi. A kuma je wurin mai unguwa ko dagaci tare da maƙwabta duka, a shirya yadda za a tsare itatuwan da a ka rena daga masu sara da dare, gama itacen mutum ɗaya ba ya tsira in gari bai yarda ba.

Tambayoyi

1. Dami nawa gonarka ta ba ka bana, me kuma ka mayar mata?
2. Waɗanne abubuwa uku ne su ka hana mu barin gona saura kamar dā?
3. Me ya sa ƙasar kewayen Kano ba ta mutu ba ko da ya ke ana noma ta kowace shekara?
4. Faɗi abubuwa uku cikin sharar yau da ba su kamata su shiga gona ba, da dalilin kowane.
5. Ƙaƙa za ka san ramin takinka yana aiki?
6. Waɗanne itatuwa ne ke tohowa a gonakinku, wa kuma ke da iko da su in sun girma?
7. Idan ɗanka ya gāji gonarka bayan shekara ashirin, a wane hali zai same ta?